Hoton Tabarma

A shekarun da na yi ina ɗaukar hoto kyauta a ƙauyen da aka tura ni koyarwa, babu irin roƙon da ban ji ba. An ce in ɗauki jariri, an ce in ɗauki sa, an ce in ɗauki sabon keke ba tare da mai shi ba. Wani dattijo ma ya taɓa tare ni a hanya ya ce in ɗauki ƙafarsa da ta kumbura, zai aika wa ɗansa a birni ko ya ji tausayi ya zo. Amma mace ɗaya ce tak ta taɓa zuwa ta ce mini hoton tabarmarta take so ta gani. Na daɗe ina jin haushinta kafin in gane ba tabarma take nema ba. 'Yarta take nema, wadda aka ɗauke aka kai nesa, kuma bakinta ba zai iya faɗin haka ba.

Kyamarar ta yayana ce tun asali. Ya saye ta lokacin da yake aiki a masaƙa a Kano, sa'ad da albashi ke kai mutum ƙarshen wata har ya yi saura. Da aka sallame su ya sayar da rediyo, ya sayar da babur, da aka zo kanta aka yi mata tayin wulaƙanci, ya yi zuciya ya ce gara ya ba ni. Ya nuna mini inda ake leƙawa da inda ake dannawa, ya ce in riƙa ba rana baya, iyakar karatun da na yi ke nan. Na naɗe ta a tsohon ɗankwali na zo da ita ƙauyen, can arewa da Ɗanbatta, inda gona ke farawa daga bakin ƙofar mutum, kana fita daga wannan unguwa kana jin dakan waccan.

Ranar guje-gujen makarantarmu na fara fito da ita, don kawai in ɗauki 'yan ajina. To, daga nan na jawo wa kaina. Kafin wata ya zagayo na zama mai hoton gari, ba tare da kowa ya tambaye ni ko ina so ba. Suna, saukar karatu, Mauludin 'yan Islamiyya, ranar raba sakamako, har ranar da aka gama haƙa rijiya, sai an aiko a ce Malama ta zo da abin nan nata. Akwai mai hoto na gaske da ke zuwa Ɗanbatta ran kasuwa, da labulensa mai zanen jirgin sama, amma shi kuɗi yake karɓa, kuma namiji ne, iyakarsa zaure. Ni kuwa ba zauren da ke tsayar da ni, har ƙuryar ɗaki nake shiga.

Abin da ake biyana da shi, Allah ya yi albarka. Ina amsawa da amin, kuma ina so, amma da ana karɓarta a shagon fim da tuni na yi gini a birni. Wani lokaci a haɗo ni da ƙwan zabi ko ƙullin kuka. Na sha cewa na daina. Sai in ga yaro ya karɓi hotonsa da hannu biyu, ya ƙura masa ido, ya ɗago ya tambayi na kusa da shi, “Wai ni ne wannan?” Yawancinsu ba su taɓa ganin kansu daga sama har ƙasa ba, madubin gidansu bai wuce tafin hannu ba. Wannan tambayar ce take mayar da ni kullum. Ina son yaran nan, ba zan ɓoye ba, har waɗanda ke sa ni ciwon kai a aji.

Sai shekarun nan suka zo. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, damina ta gaba ita ma ba ta gyara ba. A ƙasar da ake dama wa baƙo fura kafin a tambaye shi daga ina yake, aka koma jiƙa garin rogo. Mata suka san kowane ganye da ke bakin gona, tafasa, rama, zogale, har wanda a da akuya ake bar wa. Mu malamai albashinmu ya koma sai an ga dama. Sabulu ma sai da layi, balle fim, wanda duk zuwan da zan yi Kano sai in tarar ya ƙara tsada. Na kafa wa kaina doka: taron yara kawai, kowa dannawa ɗaya, wanda ya rufe ido shi ya so. Fim ɗaya sai ya yi wata da watanni a cikin kyamara kafin ya cika in kai wanki.

Idan na dawo da hotuna kuwa, ba a miƙa wa kowa nasa kai tsaye. Ba ni na tsara haka ba, haka garin ya ɗauka. Ambulan ɗin yakan shiga gida ɗaya ya fita ta wani, sai ya zaga unguwa kaf kafin ya dawo mini da shatin yatsu na mai da miya. Kuma ba kallo kawai ake yi ba, tankaɗe ake yi da rairaya. Wa ta ari zanen wa, wa ya wangale baki, wace amarya ce ta tsaya kusa da mijinta fiye da kima. Abin da aka gani a hoto, ana iya shekara ana tsokanar mutum da shi a bakin rijiya da gidan biki.

Matar da nake magana maƙwabciyata ce. Gidansu na bayan filin makaranta, dangarsu ta kara ita ce iyakar filin ta gabas, kuma akwai 'yar ƙofar baya tsakanin gidansu da wanda nake zaune, ta nan mata ke zirga-zirga. Man gyaɗa take matsa, ta soya ƙuli-ƙuli, a wurinta nake sayen man girki. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, in ta yi ma sai ka matso. A gidan akwai wata yarinya 'yar ajina, aji huɗu, mai wushirya, da murya kamar an haɗa ta da lasifika. Ita ke kawo mini mai. A ɗakin tsohuwar gidan take kwana, kowa 'yar Inna yake ce mata, ita kuma tana kiran maƙwabciyar tawa Yaya. Ban taɓa ganin matar ta dube ta ido da ido ba. In za ta aike ta, sai ta ajiye kwalbar a ƙasa ta yi wa iska magana: “A kai wa Malama.” Saboda haka na ɗauka ƙanwar mijinta ce, autar tsohuwa, har nakan ce a raina lallai jininsu bai haɗu ba.

A shekarar da abin ya fi tsanani aka yi Mauludin 'yan Islamiyya a filinmu, bayan la'asar. Ba a yi girki ba, ba a ɗinka wa yara anko ba, amma malaminsu ya ce ko da ruwan randa ne sai an yi. Aka bi gida-gida aron tabarmi. Maƙwabciyata ta ba da tata, sabuwa fil, ta kaba mai ratsin ja, ita aka shimfiɗa a gaba inda kowane yaro zai tsaya ya yi karatu. Da safen ranar na leƙa na tambaye ta ko za ta fito. Ta ce, “Ina na ga sarari, Malama? Ga gyaɗa a wuta.”

Yara suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi da kyau, wasu suka rikice, ɗaya ya fashe da kuka a tsakiyar waƙe aka janye shi. Da aka kira 'yar Inna, ta taka tabarmar nan da mayafin da ya yi mata yawa, ta kawo hadisi da Larabci, ta fassara shi da Hausa, ba gargada. Batirin lasifika ya mutu tana tsakiya, ita ko a jikinta, na can ƙarshen fili ma sun ji. Na durƙusa, na ba rana baya, na danna sau ɗaya.

Ba a daɗe ba wurin zamanta a benci ya zama wayam. A lokacin wannan ba abin mamaki ba ne, yara na ɓacewa daga aji su dawo, wannan an tafi da shi ci-rani, wancan yana kwance. Na ce bari in ba su kwana biyu.

A kwanakin ne maƙwabciyata ta fara kawo mini mai da kanta. Ranar farko ta ajiye kwalba, ta tsaya tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

“Malama, an wanko hotunan nan kuwa?”

“Waɗanne?”

“Na ranar nan.”

“Fim bai cika ba tukuna. Ke da ba ki je ba ma, me za ki gani?”

“A'a, dama tabarmar nan tawa ce. Na ce ko ta fito.”

Na dube ta, na ga ba wasa take yi ba. Na ce in Allah ya so za ta fito, na yi dariyata bayan ta tafi. Ta sake dawowa da tambayar, na sake ba ta amsa. Zuwa na gaba ta same ni a mummunar rana, na taso daga makaranta da ciwon kai, ba albashi, ba kananzir, ga ɗanyen itace yana ta cika mini ido da hayaƙi.

Na ce, “Baiwar Allah, tabarmar nan ba an dawo miki da ita ba? Ba tana ɗakinki ba? Ki shimfiɗa ta ki yi ta kallo mana. Ni fim ɗin da nake lallaɓawa kamar ƙwai, kina ganin tabarma na tsaya ɗauka?”

Ta ce, “Haka ne, Malama. Ki yi haƙuri.” Ta juya ta bi ta ƙofar baya.

Washegari na shirya faɗa na biyu, na shiga gidansu neman ɗalibata. Na tarar da tsohuwa a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ban bari gaisuwar ta yi tsawo ba.

“Inna, ina 'yarki? Yarinya mai kai irin wannan a zaunar da ita a gida?”

“Zauna, Malama. Ai ba ta nan. Gwaggonta ta zo ta tafi da ita Kurmi.”

Ta ce wadda ta zo ɗin 'yarta ce da ke aure can kudu, mijin yana lodin wake daga Dawanau yana kaiwa. Ta buga jikin rumbun da bayan hannu don in ji yadda yake amsawa, ba komai ciki. Ta ce can aƙalla yarinya za ta ci ta ƙoshi, nan kuma an rage baki ɗaya, kuma an ce akwai makaranta. Na tambaya sai yaushe. Ta ce irin wannan tafiya ba a sa mata rana, wataƙila sai ta isa aure, in ma ba can za a yi ba.

Sai a lokacin kalmar ta dawo mini. Na ce, “Inna, gwaggonta kika ce? Ba yayarta ba?”

Ta yi dariya. “Jikata ce ai, Malama. Tun da aka yaye ta take ɗakina. Ga uwarta can.” Ta nuna da haɓa wajen murhu, inda maƙwabciyata ta ba mu baya tana juya gyaɗa a kasko. “'Yar fari ce.”

Ban buƙaci ƙarin bayani ba, ni ma a gidan Hausa na tashi. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan yayana ba, mai kyamarar nan. Ba ta zama inda ake yabonsa, ranar da aka sallame shi daga aiki ma ta bakin ƙanwarta ta yi masa jaje. Ɗan fari ba na uwa ba ne a idon mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi, wadda ta yi kuwa a ce ba ta da kunya. A birni abin ya fara sassautawa, a nan kuwa yana nan da ƙarfinsa.

Tsohuwa ta ci gaba, muryarta a sama don surukar ta ji. “Ranar tafiyar ko leƙowa zaure ba ta yi ba. Tana nan tana daka har aka fita. 'Yar mutunci ce, ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dubi yarinyar nan ba.” Yabo take yi, kuma ba mugunta a ciki, ita ma haka ta yi da nata.

Da zan fita na bi ta gaban murhu. Maƙwabciyata ta ce, “A sauka lafiya, Malama,” kamar jiya ban yi mata komai ba. Na tsaya ina laluben abin da zan faɗa wanda ba zai kunyata ta a gaban uwar mijinta ba. Na ce, “Tabarmar nan taki, ina jin ta fito. Zan shiga Kano cikin satin nan.” Ba ta ɗago ba, amma muciyar ta tsaya a hannunta har gyaɗar ta fara ƙauri.

Na koma gida tausayinta ya cika ni, tsoro kuma ya biyo baya. Dannawa ɗaya na yi. In yarinyar ta rufe ido fa? In hannuna ya motsa fa? Fim ɗin ya sha zafi a cikin akwati, kuma na san yadda tsohon fim ke ƙonewa ya fito jawur ba kowa a ciki. Da yarinyar na nan, da sai in kira ta in sake ɗauka. Yanzu kuwa abin da matar nan za ta riƙa dubawa na 'yarta, in akwai shi, yana cikin kyamarar nan, kuma ba yadda zan sani sai an wanke.

Na karya dokata. Sauran fim ɗin a yini ɗaya na ƙarar da shi. Na ɗauki hedimasta a bakin ofis, shi da ya daɗe yana yi mini shaguɓe a kan ban taɓa ɗaukarsa ba. Na jera 'yan aji ɗaya na ɗauka, na ɗauki mai gadi da sandarsa, na ƙarshe na rasa wa zan ɗauka na ɗauki jakin mai unguwa. Ran kasuwar Ɗanbatta na kama zakarana da kaji biyu na sayar, na hau motar Kano daga can.

Shagon da nake kai wanki na wani mutum ne mai tabarau a Fagge, ban taɓa ganin dariyarsa ba. Ya juya fim ɗin a hannu, ya ce takarda ta yi wuya, ruwan wanki ya yi wuya, in dawo gobe, kuma in ya ƙone kada in zo in yi masa kuka a shago. Na kwana gidan yayana. Matarsa ta yi ta tambayata ko lafiya, don tuwon da ta sa mini ban ci na kirki ba, ita kuma ta san ni ba na wasa da tuwo.

Rabin hotunan sun lalace. Na wata saukar karatu da aka yi tun kaka sun fito kamar an jiƙa su a shayi. Hedimasta ya fito ba kai, wannan kam aikin hannuna ne. Jakin mai unguwa kuwa ya fito tas, har gashin kunnensa. Ina ta jerawa a kan kantar shagon, sai ga 'yar Inna. Tsaye a kan tabarma, baki buɗe, wushirya a waje, yatsa ɗaya a sama, mayafin ya zamo kafaɗa. Na yi hamdala a fili har mai shagon ya ɗago. Na matsa bakin ƙofa wajen haske don in ƙare mata kallo, a nan na ga sauran.

A gefen dama, bayan kafaɗar yarinyar, dangar kara ta fito. A saman dangar akwai fuska. Ta taka wani abu, turmi ne ko me, don kanta ya ɗara karan. Ɗankwalinta ya zame baya ba ta sani ba. Hannu ɗaya ya damƙe danga, ɗayan yana riƙe da muciya. Bakinta a buɗe yake daidai yadda na yarinyar yake, bin karatun take yi, ta haddace shi ke nan daga jin ana maimaitawa a tsakar gida. Ban taɓa ganin haƙoran matar nan ba sai a hoton nan. Ashe ita ma wushirya gare ta.

Na yi dariya, dariyar ta juye mini kuka, a bakin shagon mutane, ni da nake taƙama ba a ganin hawayena a waje. Mai shagon ya ce, “Malama, na faɗa miki tun jiya.” Na ce masa ba ƙonewa ya yi ba, ya ƙyale ni.

Da na share ido sai na ga matsalar. In hoton nan ya shiga ambulan ya zaga unguwa, an gama da ita. Ba duka ba ne, ba zagi ba ne, tsokana ce, amma irin wadda ba ta ƙarewa. A ce ga mai hawa turmi don leƙen 'yar fari, a yi mata waƙa a wajen daka, a tuna mata duk ranar suna. Mace mai kunya irin tata sai ta daina fita biki. Ga kuma tsohuwa da ke yabonta a gaban baƙi. In kuma na ɓoye hoton gaba ɗaya, kakar da ta raini yarinyar za ta tambaya, kowa ya ga na durƙusa na ɗauka.

Na ce da mai shagon ya ƙara wanko mini wannan guda ɗaya. Ya ce takardarsa ba ta wasa ba ce. Na ce ni ma ba wasa ya kawo ni ba. Muka yi ta yi har maƙwabcinsa tela ya leƙo ya ba mu haƙuri. A ƙarshe na zube masa abin da na ware na sabon fim, na san ke nan kyamara za ta daɗe a akwati. Da ya miƙo na biyun, na ari almakashin telan nan, na yanke gefen dama na guda ɗaya, daga sama har ƙasa, a hankali don kada in taɓa mayafin yarinyar. Guntun na yayyaga shi ƙanana. Wanda ban yanke ba na sa shi a cikin rigata.

Ambulan ya zaga gari yadda ya saba. An yi dariyar hedimasta a ɓoye, an yi ta jaki a fili, mai unguwa ya aiko a ba shi. Mata suka tambaya me ya sa na 'yar Inna ya fi sauran tsukewa, na ce gefensa ne ya ƙone. Ina tsaye a tsakar gidansu lokacin da ya iso hannun tsohuwa. Ta kai shi kusa da ido, ta kai shi nesa, ta yi ta sa wa yarinyar albarka, ta share hawaye da bakin zane, ita kaka ce, ba mai hana ta. Wata daga cikin matan gidan, don neman magana, ta karɓa ta nufi murhu da shi. Maƙwabciyata ta kawar da kai ta ce, “Ku yi can da shi, hannuna da mai.” Aka yi dariya, tsohuwa ta karɓe abinta ta kai ɗaki ta sa a bayan jeren kwanoninta.

Na jira ranar da matan gidanmu suka tafi suna a wata unguwa. Da hantsi na leƙa ta ƙofar baya na ce man da ta kawo ya ƙare, ta kawo mini wani. Da ta zo na ce ta shiga ɗaki ta zauna, zan juye in ba ta kwalbarta. Hoton na kan gado, a fili, inda ba yadda za a yi ido ya tsallake shi. Na fita na juye man, na wanke kwalbar, na sake wanke ta, na share gaban murhu da ba ya buƙatar shara. Ban ji motsi ko kaɗan daga ɗakin ba.

Da na koma na same ta zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar gado. Ta goge hannu a zane, ta riƙe hoton ta gefe-gefe da 'yan yatsu. Ba ta ɓoye shi ba da ta gan ni.

“Wa ya ga wannan?”

“Ni da mai wanki. Shi kuwa bai san ko ke wace ce ba.”

“Na Inna fa?”

“Na yanke gefen. Wannan naki ne. Ki sa shi a ƙasan akwati, ba mai ji daga bakina.”

Ta kai yatsa kan mayafin yarinyar, inda ya zamo, kamar za ta gyara mata shi. Na zauna a bakin gado.

“Da ta gama karatun,” ta ce, sai da na sunkuyo na ji, “ta tsaya tana duba wajen mata. Ta bi su layi-layi. Ke kina gyara abinki, ba ki lura ba. Da na ga za ta juyo wajen gida sai na sauka.”

Na ce, “Allah sarki.”

“Ranar tafiyar ma ta zo ta tsaya a bayana ina daka. Ta ce, Yaya, na tafi. Na ce, to.”

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na juya ina neman abin da ban ajiye ba a kan taga. Can ta ce, “Motocin waken nan na Dawanau, har yanzu suna zuwa can?”

Na ce suna zuwa, ai mijin gwaggon can yake lodi, saƙo ba ya wuyar kaiwa.

Ta sake duban hoton, ta daɗe, sannan ta miƙo mini shi da hannu biyu. “A kai mata. A hannunta, ba a hannun gwaggon ba.”

Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba. Na ce, “Haba maƙwabciya. Duk zaryar da kika yi? Na rabu da zakarana, na yi faɗa da mutum a shagonsa, don ki sami abin dubawa. To ke me za ki riƙe?”

Ta miƙe, ta ja mayafinta, ta karɓi kwalbar daga hannuna.

“Ni ai na gan ta, Malama. Ita ce ba ta san na gan ta ba.”